Mahasin, wadda ta ƙi rubuta "tamam"

Shekara goma sha tara Mahasin tana hawa ƙaramar bas daga unguwar Faisal da ƙarfe shida na safe, zuwa wani ɗakin bincike a Giza, kusa da Alƙahira. Aikinta kula da tankunan kunnen-teku, wata irin katantanwar ruwan gishiri da ake kiwo a gaɓar Bahar Maliya. Takan zura hannu ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya yana manne da gilashi gam, wanda ƙwayar cuta ta kama kuwa da an taɓa shi sai ya faɗo. Mu Hausawan unguwa mun sha tsokanarta, wai mai yi wa katantanwa wanka. Har da bakina a ciki, kuma yau ina jin kunya.

A shekarar 2014 wata gonar kiwo ta aiko da samfuri, tana neman shaidar lafiya don ta zuba dubbai a teku. Cikin kwana uku, guda bakwai suka faɗo. Abakar, direban da ke kawo ruwan teku, yana tsaye shugaban sashe ya shigo.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajja," in ji shugaban. "Kwashe matattun ki rubuta tamam, wato lafiya lau. Zafi ne kawai."

"Zafi ba ya wari haka, Dakta."

"Kin manta wa ke sa hannu a izinin zamanki?"

"Ban manta ba. Khalas, shi ke nan, ga biro, rubuta da hannunka."

Ya kasa. Aka sake gwaji, aka ga ƙwayar cutar, aka hana gonar zubawa. Da ta shiga teku, da ta bi gaɓa tana kashe abin da masunta ke ci da shi. Rahoto ya fita da sunayen daktoci huɗu, babu nata. Ƙarshen shekara aka ƙi sabunta mata aiki.

Mahasin, ke ce mace mai magana ɗaya. Ba ki da digiri, ba ki da fasfon ƙasar nan, ba ki da kowa a sama, amma kika tsaya. Raina ya ɓaci da abin da aka yi miki, kuma ba zan ɓoye ba. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Ɗalibanmu da ke cika ɗakunan karatun Alƙahira, ranar da aka miƙo muku takardar ƙarya, ku tuna akwai wadda ta ƙi. Ku je ku gaishe ta kafin Juma'a. Ranar za ta kama hanyar Gadarif, garinsu a Sudan, inda babu teku ko kaɗan.