Ƙaiƙayi a Esin Motar Jikana

Muna hanyar Bakura jikana Sanusi ke ta murɗa esin motarsa, na'urar sanyin nan, iska na fitowa kamar numfashin tsohuwar akuya. Ga shi gobe zai ɗauki surukansa zuwa Maradun cikin zafin ga!

Na ce, "Maigida, in ara maka maficina?"

"Kaka, don Allah bari."

Da munka komo Mafara, bakanike ya zaro matatar iskar, ta toshe da ƙaiƙayi. Ya ce, "Wa ke shiƙar shinkafa kusa da motar ga?"

Na kau da kai. Kwana goma ina shiƙa a gefenta.

Aka kakkaɓe, sanyi ya dawo. Sanusi ya harare ni, na ce, "Tuwon da kake lashewa daga sama yake faɗowa?"

Jama'a, ku raba mu: laifin mai shiƙa ne, ko na mai ajiye mota a masussuka?