Duwatsun da Kawu Ya Tsince a Gonar Inabi

Mun bar unguwarmu ta Highbridge da ke Bronx da asubar Asabar, ni da kawuna, tun shaguna ba su ɗaga ƙofofinsu ba. Kawu ya yi noman dankali shekara talatin a tsaunukan Filato kafin rikici ya raba shi da gonarsa. Yanzu wankin zannuwan gado yake yi a wani asibiti a Bronx. Wani ɗan cocinmu ne ya gaya masa cewa wata ƙungiyar manoman inabi a arewacin jihar da muke zaune tana neman wanda za ta ba fili, domin 'ya'yan membobinta sun watse birane. Tun daga gida Kawu ya sa takalmin roba.

Tafiyar ta ci awa biyar. Hanya shimfiɗe take, daji a hagu da dama. A wani gidan mai muka sayi shayi da burodi mai nama, dala goma sha huɗu. Kawu ya buɗe burodin ya ce kuɗin dai ya ji shi, naman ne bai gani ba.

Gonakin suna kan gangare, suna fuskantar wani dogon tafki. Kowane iyali na noma nasa, sai a haɗa inabin a matse a wuri guda, a zuba a kwalabe da suna ɗaya. Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa mai kaushin hannu, ta zuba mana farar giyarsu. Ba ta da zaƙi. Akwai ɗan tsami, da wani ɗanɗano irin na ruwan da ke tsattsafowa daga jikin dutse. Kwalba ɗaya ta kai cefanen Kawu na kwana uku.

Ina cikin yi mata tambayoyi Kawu ya sulale. A garinmu mai neman gona ba da baki yake roƙo ba, aiki yake nunawa. Bayan kusan awa ɗaya muka same shi a filin da ake magana a kai. Ya tuɓe riga, ya tsince duwatsun kunya biyu tas, ya jera su a gefe kamar yadda ake yi a gida.

"Ɗana, gaya mata kafin wata guda ko tsakuwa ba za ta gani a nan ba," in ji shi, yana share gumi.

Dattijuwar ta daɗe tana kallon tarin. Turancinta na da sauri, don haka ni na riƙa mayar wa Kawu da Hausa. Ta ce duwatsun nan su ne gonar. Suna shan zafin rana su ɗumama itacen inabin idan sanyi ya sauka, suna hana ruwa kwanciya, kuma saboda su ake sayen giyar da tsada. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ƙara da cewa sabon dashe sai ya kai shekara huɗu kafin ya ba da 'ya'ya, ƙungiya kuma tana son wanda zai riƙe filin shekara ashirin. Sai ta tambayi shekarunsa.

"Kawu, me zan ce mata?"

"Faɗi gaskiya mana. Sittin da biyar. Ko kana da waɗanda za ka rage mini?"

Ya mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi yarda in taya shi.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka hau gadar shiga birni da magariba ya ce, "Ashe noman da na iya ma bai haye teku da ni ba."

Na sauke shi a ƙofar benen da yake zaune. Lahadi bayan coci ya koma ɗakin wankin asibitin. Tafiyar ta nuna mini cewa ba ƙasa kaɗai rikici ya ƙwace masa ba, har da wurin da saninsa yake da amfani, kuma wannan ba a samun hayarsa a ko'ina. Takalman roban suna bayan motata yau mako uku. Bai tambaye ni su ba, ni ma ban iya tuna masa ba.