Ranar da na ce wa alƙali ba ni da ɗa

A lokacin ni manomin albasa ne a kwarin Badagishiri, mutum mai zafin kai, wanda ya fi tsoron bakin mutane a kan tsoron kuskure. Ɗana na fari yana da shekara goma sha biyar ya faɗa cikin abokai masu shan ƙwaya. Wata rana suka kwance injin ban ruwa na maƙwabcinmu a garka, wato lambu, suka sayar. Da na ji, ni da kaina na ja shi har wurin jandarma, kamar yadda iyaye ke yi a wajenmu, wai a zane shi a sako shi ya shiga hankalinsa. Ashe mai injin ya riga ni kai ƙara, magana ta wuce bulala, sai gaban alƙalin yara.

Alƙalin bai yi tsawa ba. Ya ce laifin farko ne, in zan karɓi yaron in tsaya masa, zai sake shi a hannuna. Na waiga na ga maƙwabcina da 'yan garinmu sun zuba mini ido. Kunya ta rufe ni, na buɗe baki na ce ba ni da ɗa ɓarawo, hukuma ta riƙe kayanta. Yaron bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Aka wuce da shi ɓangaren yara na gidan kaso, ni kuwa na dawo ina hura hanci, wai na nuna ni namiji ne.

Uwarsa ba ta yi mini gardama ba, amma duk mako sai ta daka fura ta hau mota ta kai masa. Bayan watanni ta ce ko dutse ne a ƙirjina in je in gan shi. Na je. Ya rame, ya durƙusa ya gaishe ni yana ce mini Malam, kamar baƙo. Na tambaye shi ina zai nufa in ya fito, ya ce abokan da ya yi a ciki sun yi masa alkawarin aiki a bakin iyaka, tunda shi ba shi da gida. Wallahi maganar nan ta fi mari zafi. Na gane cewa da hannuna nake miƙa shi ga manyan ɓarayi.

Na koma wurin alƙali na janye maganata, na yi ta sintiri har aka ba ni shi. Na ba maƙwabcina haƙuri, na yanka wa yaron gayaunarsa, 'yar gona tasa ta kansa, a garka, na kuma damƙa masa injina ya riƙa kula da shi. Mutane suka ce na ba kura ajiyar nama. Na ce namana ne, su bar ni. Ba a sha da daɗi ba: sau biyu yana komawa ƙwaya, sau biyu ina bin sa ina dawo da shi, kuma ko sau goma ne zan bi.

Iyaye 'yan'uwana, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In hukuma ta tambaye ka ko za ka karɓi ɗanka, kada ka bar kunya ta amsa maka. Masu kallon nan da la'asar za su watse gidajensu. Ɗan nawa bana ya cire albasarsa, yana sallah a sahu ɗaya da ni, amma har yau bai sake kira na Baba ba. Ina nan ina jira.