Raƙumin Dawa Mai Hula

A tashar mota wata siririyar matashiya tana zaune, kwamfutar hannu bisa cinyarta. Da ganin idanunta ka san barci ya ƙaurace mata. Raƙuman dawa take zanawa, ana sayensu a intanet domin ceto 'yan'uwansu na daji. Kowace alama a zanen da ma'anarta: tabo a ƙafa, tsira daga tarko ke nan.

Na yau kuwa koriyar hula ta ɗora masa.

Dattijon da ke gefenta ya leƙa. "'Yata, raƙumin dawa da hula? Wa zai saya?"

"Ta yayana ce, Baba. Mai gadin daji ne. Hular kaɗai ta dawo gida."

Ba ta ɗaga kai ba. Tana daidaita hular a hankali, kamar mai sallamar ɗan'uwa zuwa aiki.