Fankar Zuberu a Kan Rufin Hajiya

"To ka gaya min me ya sa bangona yake rawa," in ji Hajiya Husseina, mai gidan da muke haya a Maamobi. "Kofin shayi ma ya faɗo daga kan kanta."

"Iska ce, Hajiya," in ji Zuberu, amma idonsa na sama.

Shekara ashirin Zuberu yana gyaran fanka a bakin kasuwar Nima. Da ɗauke wuta ya ishe shi, sai ya sayo tsohuwar dinamo a Old Fadama, ya yanka bututun roba ya yi fukafukai uku, ya kafa su a kan dogon turken ƙarfe jikin bangon Hajiya. Iska na juya su, batir na cika. Ƙarƙashin turken nan jikokinta suke zaman cin abinci.

Daga baya ni na tarar da shi zaune a kan matakala. Ya ce min kuskuren daga sana'arsa ya fito. A fanka, faffaɗan fiffike shi ne mai ba da iska, don haka makon jiya ya ƙara wa bakin kowanne faɗi. Bai tuna cewa fanka ita ke tura iska ba, wannan kuwa iska ke tura ta. Duk abin da faffaɗan bakin ya tara, gindin fiffiken ke ɗauka, ya miƙa wa turken, turken ya miƙa wa bango.

"Jiya na ga tsaga a gindin ɗaya," ya ce a hankali. "Kamar gashi. Yau yatsana yana shiga."

Hadari ya haɗo ta gabas. Fukafukan suka fara wani kuka, turken yana sunkuyowa yana miƙewa.

"Hajiya, ki shigar da yaran ɗaki," in ji Zuberu.

"Kai kuma fa, injiniyan Nima?"

Ya hau turken da igiya a wuya, ya juya wutsiyar da ke fuskantar da fankar ga iska har fukafukan suka ba iska gefe, suka lafa. Ya ɗaure su, ya kwance mai tsagar. Da ya sauko, ya karya shi da hannu ɗaya a gabanmu. Hajiya ta dubi inda kwanukan yaran suke.

Yayyafi ya fara. Zuberu ya saɓa guntayen a kafaɗa, ya nufi shagonsa neman zarton da zai rage wa fukafukan faɗi.