Muryar Baba a Cikin Iska

Mai Kunne ake ce masa tun yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota. Da mutane suka daina kawo rediyo, sai ƙanensa mai ɗaukar bidiyon biki ya jawo shi cikin sana'ar. Ƙanen na riƙe kyamara, shi kuma sauti ne nasa. Mutum ne mara yawan magana, kullum da baƙar jaka a kafaɗa. A cikinta akwai batura da 'yan makirfo marasa waya, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da ɗan soso a bakinsa don tare iska.

Aikinsa shi ne ya tsaya gaban ango ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga haɓa," ya maƙala masa makirfo a wuyan riga, ya koma gefe ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Daga nan yana jin abin da ba wanda ke ji: kukan cikin ango, da raɗar da yake wa abokinsa cewa takalmin nan zai kashe shi. Bai taɓa kai wa kowa labari ba. Matarsa kan ce, "Kai da kake jin sirrin gari duka, ni ko gishiri na ce ka sayo sai ka ce ba ka ji ba."

Bikin fili ne yake tsoro. A cikin ɗaki bango na tsare murya. A fili kuwa ga janareta, ga yara, ga motoci, ga uwa uba iska.

Wata rana suka je aiki a wani lambu a bakin ruwa. Uban amarya tsohon direban babbar mota ne, ciwo ya cinye masa jiki da murya, amma ya ce sai ya yi wa 'yarsa magana a gaban jama'a. Da Mai Kunne ya durƙusa zai maƙala masa makirfo, tsohon ya kalli abin ya yi dariya.

"Wannan ɗan ƙwaron ne zai ɗauki maganata?"

"Shi ne, Baba. Ko raɗa ka yi zai ji."

Ana tayar da tsohon, hadari ya taso. Ƙanwar tsohon ta yi sauri ta yafa masa mayafi don sanyi, gefen mayafin ya ture soson, iska ta yi gaba da shi. Nan take kunnuwan Mai Kunne suka cika da ruri, kamar ana yaga buhu a cikin kansa. Ya ɗaga wa ƙanensa hannu, amma idon ƙanen na cikin kyamara. Ya zaro wani soson ya nufi wurin, sai yayan amarya ya tare shi da ƙirji.

"Malam, ina za ka? Ba ka ga abin da ake yi ba?"

Tsohon ya riga ya ture makirfon lasifika da aka miƙa masa, ya kama hannun 'yarsa, ya sunkuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ita kuwa kuka take kamar ranta zai fita. Mai Kunne ya tsaya da soso a tafin hannu, yana kallon bakin tsohon na motsi har ya gama.

Ba a daɗe ba tsohon ya rasu.

Bayan an share makoki amarya ta zo shagonsu tare da mijinta. Ta zauna a bakin benci, tsakanin akwatunan fitilu da ƙafafun kyamara, ta ce, "Yaya, ni ban ji abin da Baba ya gaya mini ba. Kuka ya toshe mini kunne, ga iska. Na dai ce a raina ai kun ɗauka, zan saurara a natse."

Mai Kunne ya riga ya yi duk abin da ya sani. Ya tace sautin a kwamfuta har idanunsa suka yi ja. Ya kai wa wani abokinsa mai ɗakin ɗaukar waƙa, shi ma ya gwada ya gaji. In aka rage iskar, muryar ta bi ta. In aka ɗaga muryar, iskar ta taso ta danne ta. Hoton ma bai taimaka ba, don mayafin ya rufe rabin fuskar tsohon.

Ya sa mata abin sauraro ya kunna. Cikin rurin aka ji "'yata", sai tari, sai wani abu mai kama da dariya. Can gaba aka ji "kada ki", iska ta haɗiye sauran.

"Kada in me?" ta ce.

Ya tsayar da sautin.

"Sake kunnawa."

Ya sake. Ta danne abin sauraron da hannu biyu, ta runtse ido. Ya sake, ya kuma sake. Ƙanensa ya ce ko a ɗora kiɗa mai taushi a wurin, hoton ai ya yi kyau. Ba wanda ya ko kalle shi.

Ta cire abin daga kanta ta dubi Mai Kunne. "Kai ka saba da sauti. Ko hasashe ne ka yi mini. Duk abin da ka ce zan yarda."

Ya san za ta yarda ɗin. Kalmomi masu daɗi sun zo masa har bakin harshe, irin waɗanda ya ji iyaye da yawa suna faɗa a bukukuwa. Ya haɗiye su.

"Wallahi, ƙanwata, ban sani ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce a tura mata shi a waya yadda yake, da iskar da komai, kada a goge ko kaɗan. Ya tura. Mijin ya taɓa kafaɗarta, suka fita, tana riƙe da wayar a jikin kunnenta har suka tsallaka titi.