Takardar da Na Hana Hajiya Sa wa Hannu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin shirya jana'iza a nan unguwar Sparkhill ta Birmingham, kuma yawancin ranakun sun gauraye a kaina. Amma ranar Talatar da Hajiya Bilkisu ta kira ni daga Manchester ta ƙi gaurayewa da sauran, ban kuwa ga alamar zan manta da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun sha tambayata abin da ya sa taswirar wata gunduma ta Amurka take manne a bangon ofishina, ni da ban taɓa taka Amurka ba. Nakan ce muku ado ne. Ba ado ba ne, yau zan faɗa muku gaskiya.

Da tuƙa motar gawa na fara, na koma wanka da likkafani, daga baya maigidanmu, dattijon nan ɗan asalin Pakistan da kowa ke kira Haji, ya damƙa mini sashen takardu. Aikin takardu a ƙasar nan a jere yake. Likita zai rubuta dalilin mutuwa, dangi su je ofishin rajista na hukumar birni a ba su koriyar takarda ta izinin binnewa, sannan mu nemi kabari. Idan akwai shakka a mutuwar, sai jami'in binciken gawa ya saki gawar tukuna. Mu kuwa Musulmi kullum cikin gaggawa muke, don haka na koyi wanda zan kira a kowane ofis, da lokacin da yake cikin fara'a. Har aka fara cewa a masallatai, daga unguwar Handsworth zuwa Manchester, idan ta cije a nemi Malam Sagir, ya san hanya. Maganar nan ta shiga kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Hajiya Bilkisu ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, 'yar Gusau. Shekara biyu kafin nan ni na shirya jana'izar mijinta, aka binne shi kashegarin rasuwarsa, tun daga nan ta ɗauke ni tamkar ɗan'uwa. Ranar da ta kira, cikin watan Fabrairu ne, na idar da azahar ke nan.

"Malam Sagir, Yaya Auwalu ya rasu a Amurka."

Na yi salati, na yi mata ta'aziyya. Yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota, ya daɗe a can shi kaɗai ba iyali. Mai gidan da yake haya ne ya same shi a ɗaki. A cikin wayarsa aka ga lambarta. Abin da take so bai da yawa: a yi masa wanka, a sallace shi, a sa shi a maƙabartar Musulmi ta can, don ta samu abin da za ta faɗa wa mahaifiyarsu a Gusau.

"Sun turo min email daga county," in ji ta, "da wani form, wai ni ce next of kin, mafi kusa a danginsa, in sa hannu in mayar. Na ma yi printing, biro na hannuna, sai na ce bari in fara tambayarka."

Na ce ta turo mini. Shafi biyu ne. Na dubi saman na farko, na ga daga ofishin likitan binciken gawa na gunduma ne, abin da su suke kira county. Na ga wa'adi na kwana goma sha bakwai. Ban karanta shafi na biyu ba. Da jin gunduma, abin da ya zo mini a rai shi ne sakatariyar ƙaramar hukumarmu a gida, fanka ba ta juyawa, akawu yana ɓare gyaɗa a kan fayil. A adireshin kuma na ga sunan wani babban birni da kowa ya sani. Sai na yanke wa kaina cewa magajin garin wannan birni shi ne uban tafiya, waɗannan kuwa yaransa ne.

"Hajiya, kada ki sa hannu a kan komai tukuna," na ce mata. "Takardar gwamnati ce, ba mu san abin da za ta ɗaure ki da shi ba. Waɗannan ƙananan ma'aikata ne. Ta sama za mu biyo."

"Amma akwai deadline a ciki fa, Malam."

"Deadline na wanda ba shi da kowa ne, Hajiya. Mu muna da mutane."

Har yau idan na tuna yadda bakina ya furta wannan magana, da irin daɗin da na ji lokacin da nake furta ta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mutumin da nake taƙama da shi shi ne Injiniya Kabiru, abokin karatuna tun a Zariya, wanda ke zaune a jihar da abin ya faru. Hoton da ke kan wayarsa ma shi ne da magajin garin, suna musabaha. Da na kira shi ya ce, "Mutumina, kwantar da hankalinka, mayor ɗin namu ne, mun yi dinner da shi." Daga baya na gane cewa liyafar ta mutum ɗaruruwa ce, kowa ya bi layi ya ɗauki hoto. Ba laifin Kabiru nake gani ba, abin da nake son ji ya faɗa mini. Na zauna na tsara wasiƙa da manyan kalmomin Turanci a kan takardar kamfaninmu, ya ce zai ba wani da ya san wata da ke ofishin magajin gari.

Kwana huɗu da fara wannan, Haji ya leƙo ofishina ya tambaye ni ko na kira lambar da ke ƙasan takardar. Na ce, "Haji, wannan harkar mutanenmu ce, mun san yadda muke yi." Ya dube ni ta saman tabarau, ya koma ɗakin wankan gawa.

Hajiya takan kira duk bayan kwana biyu, yawanci a lokacin hutunta na rana a asibiti. Takan ce Inna tana ta tambaya ko an rufe Auwalu. Ta ce mutanen gunduma sun sake kiranta, ta gaya musu akwai wanda ke kula da maganar. Na ce ta yi daidai. Wa'adin ya cika ranar wata Juma'a. Na sani sarai, don da hannuna na zagaye ranar a kalanda. Kabiru ya ce magajin gari ya yi tafiya, mu jira Litinin, ni kuwa na jira.

Ranar Laraba amsa ta zo daga ofishin magajin gari, layi uku cikin ladabi. Sun ce wannan ba hurumin birni ba ne, kuma garin da marigayin ya rasu ma ba ya cikin iyakar birninsu. Suka ce mu tuntuɓi gunduma, suka ba da lambar waya. Na ɗauko takardar Hajiya na gwada. Lamba ɗaya ce.

Da ƙarfe uku na rana na kira, lokacin su safiya ce. Wata mata ta ɗauka, daga muryarta ta manyanta. Na ba ta lambar fayil, na ji tana danna na'ura.

"Yallaɓai, an binne shi shekaranjiya Litinin, a maƙabartar gunduma."

Na ce ta yaya, alhali yana da dangi? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce takardar da suka aika abu ɗaya take tambaya: mutumin nan naku ne? Da an sa hannu an mayar, da sun ci gaba da ajiye shi har dangi su shirya. Ta ce akwai Musulmi a yankin da kan zo su karɓi irin wannan gawa su yi mata duk abin da ya kamata, lambarsu tana shafi na biyu. "Amma babu wanda ya ce nasa ne," in ji ta.

Don wauta ba ta gama sakina ba, sai na ce ai mun rubuta wa magajin gari. Ta ce, "Wanne daga ciki? Garuruwa da yawa ne a gundumar nan, kowanne da magajin garinsa, babu ko ɗaya a cikinsu da yake shugabana." Sannan ta ƙara da abin da ya fi komai karya ni. Ta ce a dokarsu gawar da ba a karɓa ba ana iya ƙone ta, amma da ta ga sunansa da abin sallar da aka samu a ɗakinsa, sai ta rubuta a fayil cewa a binne shi. An sa shi a akwati, an kafa ɗan dutse mai lamba, kuma ita da kanta ta tsaya a wurin, don ba ta son a rufe mutum ba kowa. Ta karanto mini lambar kabarin na rubuta. Matar da na kira ƙaramar ma'aikaciya, ban ko san sunanta ba, ta yi wa Auwalu abin da ni mai wankan gawa ban yi masa ba.

Na ajiye waya. Na buɗe taswirar wurin a kwamfuta, na yi karatun da ya kamata in yi tun ranar farko. Ashe gundumar ta girmi yawancin garuruwan da ke cikinta. Tun wurin yana gonaki aka shata ta, aka gina kotu a tsakiya. Birni ya taso a bakin kogi da zuwan jirgin ƙasa da masana'antu, daga baya masu hali suka riƙa fita gefe suna kafa ƙananan garuruwa, kowanne da majalisarsa da 'yan sandansa. Auwalu a ɗaya daga cikinsu yake, tsallaken kogi. Gunduma kuwa tana lulluɓe da su duka, jama'arta sun fi na Birmingham ɗin nan, kuma su ke zaɓen shugabanninta kai tsaye. Kotu, kurkuku, takardun filaye da gawar da aka rasa mai ita, duk nata ne. Maƙabartar ma a tsohuwar gonar da gunduma ke ajiye tsofaffi da marasa galihu a zamanin da take. Duk wannan bai ɗauke ni rabin awa ba.

Yanzu ga inda kunyar ta fi nauyi. Bayan na san duk wannan, na kira Hajiya na ce, "Hajiya, sai haƙuri, mutanen nan ba su jira mu ba. Kin san su da ƙa'ida, ba imani." Ta yi kuka, ta kuma yi mini addu'a a kan wahalar da na sha.

Ranar Lahadi aka yi masa sallar gawa daga nesa a wani masallaci a Manchester, na tuƙa mota na je. Bayan la'asar muka taru a gidanta. Daga bakin ƙofar falo ta ce wa maza, "Ku taya ni gode wa Malam Sagir, ya yi iya ƙoƙarinsa, har wurin mayor ya kai maganar." Aka yi ta cewa Allah ya saka da alheri. An ajiye mini tuwo da miyar kuka. Na ɗauki kwanon na kai kicin da kaina, don in samu in kau da fuskata daga mutane.

A jikin firij na ga takardar, an manne ta da ɗan maganaɗisu. Ta cike komai da rubutunta mai tsabta: sunanta, adireshinta, dangantaka, ta rubuta ƙanwa. Layi ɗaya ne kawai babu komai a kansa, na sa hannu.

Tana shigowa na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki ranar Laraba." Na faɗa mata duka, shafi na biyu da ban karanta ba, da hoton Kabiru, da matar da ta hana a ƙone shi. Na ce mutanen can sun jira, ni ne na hana ta amsa musu.

Ta dubi takardar. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

"Biro na hannuna fa, Malam Sagir," in ji ta a hankali. "Biro na hannuna."

Na ce na sani, Hajiya.

"To me zan ce wa Inna? Na riga na ce mata laifin Turawa ne."

Sai ta cire takardar daga jikin firij, ta jawo biro daga aljihun tebur, ta ce in ba ta lambar kabarin. Na karanto mata. Ta duba inda za ta rubuta, babu wani fili a shafin sai wannan layin, a kansa ta rubuta.

Da bazara ta yi, Hajiya ta je can, Musulmin yankin suka raka ta, suka tsaya a kan kabarin suka yi masa addu'a. Da ta dawo ta aiko mini da saƙo cewa ta yafe mini, ta kuma je ofishin ta gode wa matar nan. Muna gaisawa har yau. Amma da wata ƙawarta ta yi rashi bara, Haji ne ta kira kai tsaye, ba ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, wanda aka yi wa mutuwa zai bi duk abin da ka faɗa masa matuƙar ka faɗa da ƙarfin murya, don haka kada ka ɗaga murya a kan abin da ba ka karanta ba. Kowace ƙasa da inda ta ajiye ikonta, kuma sau da yawa yana hannun wanda lambarsa ke ƙasan takarda, ba wanda ke cikin hoto ba. Idan kun matsa kusa da taswirar nan za ku ga ɗan ɗigon fensir a tsallaken kogi, nan Auwalu yake kwance, ba wanka, ba likkafani. Duk ranar da wani ya kira ku ya ce biro na hannunsa, ku ce ya dakata minti biyar kawai, ku karanta takardar tare da shi har shafi na ƙarshe.